Saƙon Juma'a: Yadda Aikin Ajinmu Na Nazire Ke Tafiya

Litinin, 18 ga Satumba, 2023

Yara 31 ne a rijistar ajina bana, 'yan shekara huɗu zuwa biyar, ajin ƙarshe kafin firamare. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce yara 25 ga malami ɗaya, tare da mai taimaka masa. Mai taimako ina da ita, wata dattijuwar unguwa da yara ke kira Inna. Ƙarin shidan kuwa haka za mu haɗu mu riƙe.

Shugabar makaranta ta amince in gwada abu guda har ƙarshen shekara: kowace Juma'a, kowane gida zai ji abin da aka yi a aji cikin makon, da abin da za a iya ci gaba da shi a tsakar gida ba tare da an sayi komai ba. A unguwa irin tamu ta cikin birnin Kano, da shafin da aka cika ake auna makaranta. Yaro ya dawo da littafi maƙil da A B C, sai a ce ana karatu. Ya dawo da yashi a ƙafa yana labarin marafan kwalba da ya ƙirga, sai a ce kuɗin makaranta ya tafi a banza. Ban ga laifin iyaye ba. Da wahala suka samo kuɗin, kuma ba wanda ya taɓa zama ya gaya musu abin da wasan nan yake koyarwa.

Juma'a, 22 ga Satumba

Takardar farko ta fita yau, rabin shafi da Hausa, a cikin jakar kowane yaro. Lokacin tashi na tsaya a bakin ƙofa ina lura da wanda ke zuwa ɗaukar kowa. Iyaye mata ƙalilan ne. Mafi yawa yayye ne 'yan firamare, sai 'yan aiki, sai masu adaidaita sahu biyu da ke kwasar kusan sulusin ajin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, gidaje da dama suka daina kawo yara da kansu, suka haɗa kuɗi suka ɗauki ɗan sahu guda. Wato mutumin da nake gani kullum ba shi ke yi wa yaron wanka ba. Lambar wayar da ke rijista kuma ta uba ce, shi kuwa yana Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari tun safe, sai bayan isha'i. Wadda ta san ko yaro ya ci abinci, ko ya kwana da zazzaɓi, tana cikin gida, kuma ita nake nema.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Hutun Maulidi da na samun 'yancin kai sun katse mana kwanaki. Takardu ba su yi ba: wasu sun dawo jiƙe da ruwan gora, wasu a naɗe yadda na saka su. Wata uwa ta aiko min cewa ajami take karantawa, boko sai maigida ya dawo.

Mun koma murya. Na fara da kiran iyaye maza ɗaya bayan ɗaya ina neman izinin lambar uwargida, domin haka ya dace, kuma da na ce guruf ɗin na mata ne zalla, yawancinsu ba su ja ba. Gidaje 19 suna WhatsApp. Sauran ƙaramar waya mai madannai gare su. Waɗansu nakan kira su, waɗansu kuma Inna ce ke kai musu saƙon da baki, tunda gida-gida take shiga a unguwar, suna da biki duk da ita ake yi. Ƙa'ida uku na kafa: saƙo ba zai wuce minti biyu ba saboda data, ba za a saka hoton fuskar yaro ba, kuma ni kaɗai ke turawa a guruf, mai magana ta same ni ta gefe.

Ga abin da zan tura gobe: "Assalamu alaikum iyayenmu, barkanmu da Juma'a. Wannan makon lamba biyar muka yi. Don Allah in za a ɗora tukunya, a ce yaro ya miƙo tumatir biyar, yana taɓa kowanne yana faɗar lambarsa. In ya tsallake ɗaya kada a yi masa faɗa, a ce ya sake."

Dalilin tumatir ɗin shi ne, kusan duk yaran nan suna iya rera ɗaya zuwa ashirin da Turanci kamar karatun hadda. Amma ka zube marafai bakwai a gaban yaro ka ce nawa ne, sai yatsarsa ta riga bakinsa, ko bakin ya riga yatsar, ya ce tara. Ka baje su da faɗi, ya ce sun ƙaru. Ƙirga ta gaskiya ita ce kowane abu ya samu lamba ɗaya tak, kuma yaro ya gane lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce jimillar. Wannan ba ya samuwa a shafin littafi, sai da hannu. Da ƙwallon goruba da marafan roba manya muke yi a aji. 'Ya'yan tsamiya na hana, domin hanci da kunne suke nufa.

Talata, 17 ga Oktoba

Mashaƙo. Tun ƙarshen bara cutar take yawo, kuma alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, sun nuna Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ita, akasarinsu yara. Ban jira Juma'a ba, yau na tura saƙo. Na faɗi alamu: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, wahalar haɗiya, kumburin wuya, da wani farin abu mai kauri da ke shimfiɗuwa a can cikin maƙogwaro. Wanda aka ga haka gare shi asibiti za a nufa da shi nan take, kada a kawo shi makaranta, kada a tsaya kemis, kada a kai wa wanzami a ce belu ne. Na roƙi kowace uwa ta nemo katin rigakafin ɗanta ta duba allurar fenta guda uku, mai kare yaro daga mashaƙo, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa. Wadda katinta ya ɓata ko alluran ba su cika ba ta je asibitin sha-ka-tafi na kusa ta tambaya.

A aji mun daina kofi ɗaya. Kowa da gorarsa, mai alama. Wanke hannu da sabulu kafin a buɗe kular tara ya zama layi na dindindin, Inna da buta, ni da sabulu.

Ban taɓa samun amsa da yawa kamar ta yau ba. Iyayen da ba su ce uffan a kan tumatir ba duk sun yi magana.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Taron iyaye da malamai. Maza a benci, mata a tabarma ta ɓangaren aji, kuma maganar da na san tana tafe ta zo. Wani Alhaji mai 'ya'ya uku a makarantar ya miƙe ya ce: "Malama, muna jin saƙonki, Allah ya saka. Amma ɗan maƙwabcina sa'an nawa ne, kullum da aikin gida shafi biyu, yana gaida mutane da Turanci. Nawa kuwa tatsuniya yake kawo min. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Na ce, ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma ɗanyen icce in aka matsa masa da ƙarfi karyewa yake. Na ɗauko littafin rubutun wata shekara na nuna musu shafukan aikin gida: rubutu miƙaƙƙe, tsaf, hannun yaya 'yar aji biyar. Duk wanda ke wurin ya san haka ake yi. Yaron yana kuka, yayarsa ta karɓi fensir don a huta. Hannun ɗan shekara huɗu bai gama ƙwari ba; kafin ya riƙe fensir yadda ya kamata sai ya sha murza laka, da yaga takarda, da zura zare a marfi mai huda, da ɓalle maɓallin rigarsa da kansa.

Kan Turanci kuwa, na gaya musu ba ra'ayina kaɗai ba ne. Tsarin ilimi na ƙasa, kamar yadda yake a 2023, ya daɗe da cewa a wannan mataki a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake zaune, kuma a Nuwamban 2022 majalisar zartaswa ta tarayya ta amince da manufar harshe da ta kai abin har ƙarshen firamare, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi. Amma ba takardar gwamnati ce ta fi damuna ba. Abin da nake gani ne: in na yi tambaya da Turanci, aji ya amsa da baki ɗaya da abin da ya haddace. In na yi ta da Hausa, sai gardama ta tashi, wannan ya ce ƙarya ne, waccan ta kawo hujja daga gidan kakarta. A nan tunani yake. Turanci muna yin sa kullum, rabin awa, da baki: gaisuwa, sunayen abubuwa, umarni kamar zauna, tashi, kawo. Ba mu yar da shi ba, kuma na san dalilin da ya sa iyaye ke tsoro, domin jarrabawa da neman aiki duk da shi ake yi.

An tashi a kan matsaya: aikin gida na rubutu sau ɗaya a mako, layi uku, kuma in an ga hannun babba a ciki zan mayar. Alhaji bai gamsu duka ba, ya ce zai zuba ido zuwa ƙarshen zango. Hakan ya yi min daidai.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Akwai yaro bahago a ajin. Kwana biyu ya ƙi taɓa alli, in na miƙa masa sai ya ɓoye hannu a baya. Inna ta binciko: a gida ana buge hannun duk lokacin da ya ɗauki abu da shi. Na kira mahaifinsa da daddare bayan ya dawo kasuwa. Na ce, Malam, ci da sha da gaisuwa da karɓar abu daga hannun manya, duk da dama muke koya masa, kuma ba za mu sassauta ba, tarbiyyarmu ce da addininmu. Rubutu da zane kuwa a bar masa hagunsa, haka Allah ya halicce shi. Ya yi shiru, sannan ya ce ƙanin babansa ma bahago ne, kuma tela ne da ake ji da shi. Na mayar da yaron ƙarshen benci ta hagu don gwiwar hannunsa ta daina karo da ta maƙwabcinsa.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Wata uwa matashiya tana sauraron kowane saƙo, ina ganin alamar ta buɗe, amma in na tambaye ta ta gefe yadda 'yarta take, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Malama." Ko sunan yarinyar ba ta kamawa. 'Yar fari ce, alkunya take yi. Ba rashin kula ba ne, kuma ba hurumina ba ne in ce ta daina. Na nemi lambar kakar, wadda a ɗakinta yarinyar ke kwana. Hajiya kuwa da ta fara ba ta tsaya ba: abin da yarinyar ke tsoro, abin da ba ta ci, da cewa kunnenta na dama ya taɓa yin ruwa, shi ya sa ba ta juyowa in an kira ta daga wannan ɓangare. Na matso da ita gaba, na kuma ba da shawarar a kai ta a duba kunnen. Yanzu a rijistata akwai sabon gurbi: wa ya kamata a yi wa magana a kan wannan yaron. A gida biyar amsar kaka ce ko goggo.

Hajiyar nan ce kuma na roƙa ta zo ta yi wa aji tatsuniya. Ta ce, "'Yar nan, wa ya gaya miki ana tatsuniya da rana?" Muka daidaita: za ta yi da dare, jikarta babba ta naɗa a waya, ni in kunna da safe. Ta turo ta Gizo da Ƙoƙi. Da muryarta ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara 31 suka amsa ta zo mu ji ta ba tare da na ce komai ba. Bayan ƙurungus na tambaye su me ya fara faruwa, me ya biyo, da kai ne Gizo ya za ka yi. Jera labari daga farko zuwa ƙarshe shi ne tushen fahimtar karatu, kuma a ɗakin kaka aka fi iya shi. Saƙon gobe zai nemi kowane gida ya aiko da kacici-kacici ɗaya. Na riga na jefa musu shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, wata yarinya ta ruga bayan ƙofa ta ɗauko tsintsiya.

Alhamis, 14 ga Disamba

Katin sakamako. Ban rubuta na ɗaya ko na talatin ba, kuma sai da na sha zama da shugaba kafin ta yarda. Tsakanin babban yaro a ajin da ƙaraminsu kusan wata goma ne, a wannan shekaru kuwa wata goma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka ce masa ya zo na ƙarshe yana ɗan shekara huɗu, a gida za a riƙa kiransa daƙiƙi har ya yarda. A madadin haka, kowane kati na ɗauke da abin da yaro ya iya da abin da muke kai: yana ƙirga abu goma daidai, yana gane sunansa a rubuce, yana jiran layi, yana zuwa banɗaki da kansa, yana maimaita labari. Na bi kowane kati da saƙon murya na musamman, abu biyu na yabo, abu ɗaya na gyara.

Tambayar "to na nawa ya zo?" ta zo daga gidaje da yawa duk da haka. Alhajin taron Nuwamba bai yi ta ba. Ya aiko cewa yaron ya ƙirga masa bandir ɗin atamfa a shago bai kuskure ba, amma har yanzu yana son a ƙara Turanci.

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Hunturu ya kankama. Rabin aji sai ƙarfe tara suke isowa, da majina da leɓe a fashe. Na mayar da ƙirga da haruffa bayan tara, safiya kuma motsa jiki a rana. Saƙon mako: rigar sanyi mai alamar yaro a wuya, safa, man kaɗanya ko basilin a ƙafa da baki, kuma a yi nesa da yara daga kaskon wuta, kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe.

Laraba, 31 ga Janairu

Iyaye uku sun yi ƙorafi iri ɗaya: yaro na fara rubutu daga dama, ko yana juya b ta zama d. Na ga ya kamata kowa ya ji amsar, don haka ta shiga saƙon Juma'a mai zuwa. Kusan duk yaran nan da yamma suna Islamiyya ko makarantar allo, inda alif da ba suke tafiya daga dama zuwa hagu. Da safe mu kuma mu ce daga hagu. Tsari biyu yaro ɗan shekara biyar yake ɗauka a rana guda, kuma yana iyawa, lokaci kawai yake buƙata. Juya harafi ma abu ne da aka saba gani a wannan shekaru ko a wurin yaran da ba su san wani rubutu ba. Abin da muke yi: ɗigon kore a gefen hagu na kowane allo da shafi, nan mota ke tashi. A gida ma a ɗiga musu.

Haruffa kuwa a yashi muke fara su. Faranti, yashi mai laushi, yatsa. Makarantu da yawa a gari suna rubuta Montessori a allon ƙofa suna ƙara kuɗi, alhali matar mai wannan suna, Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum a 1907 don 'ya'yan talakawa, abin da ta nace a kai shi ne yaro ya bi siffar harafi da yatsa kafin a ba shi fensir. Farantin yashi na cika wannan aiki, kuma ba gidan da zai ce ba shi da shi. Sauti muke koyarwa kafin suna: mmm na masara, sss na sabulu. Makon nan mun shiga masu ƙugiya. Na riƙa faɗin bari da ɓari, kafa da ƙafa, daidai da ɗaiɗai, su kuma suna tsalle in sun ji mai ƙugiya. Kunnensu ya riga ya san bambancin, ido ne kawai ke koyo.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Kowane yaro ya shuka wake uku a gwangwanin madara da muka huda ƙasansa. Biyu mun saka a cikin kabad mai duhu, biyu mun hana su ruwa, don su ga bambanci da idonsu. Kullum da safe ana awo da tsinken tsintsiya. Na cikin kabad sun fito dogaye, farare, marasa ƙarfi, kuma muhawarar da aka yi a kan dalili ta cinye mana lokacin kala gaba ɗaya.

Wani abu ya fi waken damuna. Tsadar abinci ta kai inda wasu yara ke zuwa da kula ba komai, wasu ba kular ma. Yaro mai yunwa ba ya ƙirga, kwanciya yake a tabarma. Wannan ba maganar guruf ba ce. Na yi wa shugaba magana, iyaye mata huɗu da ke da hali suka ɗauki nauyin kunu da ƙosai sau uku a mako, kuma kowa ake zuba wa, mai kula da marar kula, don kada a gane na wane ne. Inna ce kaɗai ta san gidajen, ita kuwa bakinta da nauyi.

Laraba, 6 ga Maris

Azumi ya ƙarato, ana sa ran ganin wata farkon mako mai zuwa. Yaran ba za su yi azumi ba, amma gidajensu za su sauya: kwana a makare, tashin sahur, iyaye mata a madafa tun la'asar. Saƙon Juma'a zai koma safe, kafin aiki ya kama su, kuma zan gajarta shi zuwa minti ɗaya. Ayyukan gida duk na buɗa-baki ne: raba dabino daidai da mutanen gida, jera kofuna daga babba zuwa ƙarami, ƙirga kwanakin azumi da dutse ɗaya kullum a cikin kwano. Zan kuma tuna musu a ci gaba da saka wa yara abin tara, domin bara an samu masu zuwa haka nan suna cewa suna azumi. In goma ga wata ta yi, yara za su zo da labarin tashe, zan bar su su kwaikwaya a aji.

Gida huɗu har yanzu ban ji daga gare su ba tun Satumba, ba ta waya ba, ba ta bakin Inna ba. Biyu sababbin zuwa unguwar ne, ɗaya kuma ba Hausa ce harshen gidan ba, Kanuri suke yi, don haka na roƙi wata malamar firamare 'yar Borno ta raka ni. Shugaba ta ba da izinin ziyara, na kuma aika wa masu gidajen ta hannun yayye. Biyu sun ce mu zo ranar Asabar bayan la'asar. Sauran biyun zan sake aikawa gobe.